Bawah Na Wutsiyar Jirgi

Ƙungiyar Masoya Jirgin Ƙasa ta Doha tana da mambobi goma sha huɗu, kuma a cikinsu mutum ɗaya tak ya taɓa yin aikin reluwe. Shi muka ɗora wa ɗaukar fulas ɗin shayi.

Ni ne sakataren ƙungiyar. Sunana Sagiru, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare, an kuma ba ni muƙamin ne don ni kaɗai ke zuwa taro da biro. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi, wani ma da hannuna a ciki.

Dokta Aminullahi, likitan ƙashi, ɗan Zariya, shi ya kafa mu a shekarar da aka buɗe metiro na Doha, wato jirgin ƙasan cikin gari. Ya hau ya sauka, sai tsohon ciwo ya tashi, ya tuna yana ɗan shekara tara ya taɓa bin kawunsa a jirgi daga Zariya zuwa Kaduna. Tafiyar nan guda ita ce duk jarinsa, amma Allah ya yi mata albarka, kowace Juma'a ƙara tsawo take. A littafin taro na shekarar farko ta tsaya a Kaduna. A shekara ta uku ta kai Kafanchan, bara kuwa har ta leƙa Makurɗi. Shi ya naɗa kansa Sarkin Tasha. Injiniya Badaruddeen, wanda ke aikin gas a Ras Laffan, ya zama Babban Direba, hujjarsa kuwa ɗan jirgin wasa da ya sayo a Jamus ya kulle a akwatin gilashi a falonsa, ko 'ya'yansa ba su isa su taɓa ba. Muna da Sarkin Kwal, mai gasa nama. Muna da Sarkin Sigina, wanda ba ya komai sai turo hotunan jiragen Japan a zauren WhatsApp.

Tsarinmu ba ya canzawa. Kowace Juma'a bayan la'asar mu haɗu a benen wani gidan abincin mutanen Kerala a Al Muntazah, a sha karak, shayin nan mai kaurin madara, a yi musu a kan faɗin layin dogon da ba wanda ya taɓa aunawa. Daga nan mu gangara tashar Al Mansoura, mu sauya jirgi a Msheireb, mu bi jan layi har ƙarshensa a Al Wakra, a ci nama a bakin teku, a dawo. Wannan shi ne abin da muke kira bincike.

Ga wanda bai taɓa hawa ba, jirgin nan tarago uku ne, kuma ba shi da direba, na'ura ke jan sa. A ƙarshe guda akwai ɓangaren Gwal, mai kujeru masu laushi, sai mai katin Gwal ke shiga. In za mu Al Wakra, Gwal ne a gaba, da ƙatuwar taga wadda za ka ga layin dogo na zuwa wurinka. Nan manyanmu ke zama. Injiniya ya dafa gilashin da hannu biyu kamar shi ke tuƙi, Dokta kuma ya harɗe ƙafa ya ce, “Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.” Kullum sai ya faɗa, kullum sai mun yi dariya, don shi ne shugaba.

Na bayan da ake nufi shi ne Baba Bawah.

Bawah ɗan Zangon Sekondi ne a ƙasar Gana. Dogo ne siriri, ya doshi sittin, yana tafiya a miƙe kamar wanda ake kallo. Ubansa ya yi aikin shafa wa layin dogo mai, shi kuma ya shiga reluwe yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, ya zama abin da 'yan aikin ke kira gad, wato mutumin da ke can taragon ƙarshe da usur da tuta, wanda direba ba ya motsawa sai ya ba shi izini. Shekara goma sha tara yana zirga-zirga tsakanin Takoradi da Kumasi. Da jirgin fasinjan ya daina tafiya, sai ya koma sayar da taya, ya yi kwandasta a mota, ya yi zaman banza na shekara biyu wanda ba ya son a tuna masa. Daga baya wani ɗan unguwarsu ya samo masa kafil, wato mai tsaya masa ya sami bizar aiki, ya zo Doha, ya bar matarsa Fausatu da 'ya'ya mata uku. Yanzu shi ke dafa shayi a ofishin wani kamfanin gine-gine, yana kwana da mutum biyar a ɗaki guda a Fereej Abdel Aziz.

Yadda ya shigo mu ma abin a rubuta ne. Wata Juma'a yana cin abinci a teburin kusa da namu, Injiniya na bayanin cewa a da direba ne ke busa usur in jirgi zai tashi. Bawah ya ajiye cokali ya ce, “Massa, yi haƙuri. Direba ba shi busa usur. Gad ke busa, direba shi amsa da hon.” Injiniya ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi a wane littafi ya karanta. Sai mutumin ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da usur ɗin tagulla, bakinsa ya ci har ya yi fari, ya ɗora a kan tebur. Dokta, da yake mutum ne mai saurin gane daraja, nan take ya karɓe shi cikin ƙungiya, ya kuma miƙa masa fulas.

Ba a ba shi sarauta ba. Sarautun sun riga sun ƙare a hannun masana.

Tun ranar farko ya ɗauki wani aiki da ba wanda ya sa shi. Kafin mu fita daga gidan abincin sai ya ƙirga mu da ido, leɓensa na motsi. A tasha ya tsaya daidai ƙofar taragon ƙarshe, ƙafa ɗaya a kan dandamali, ya zuba ido har na ƙarshenmu ya shige. Sannan ya ɗaga wani koren hankici sau ɗaya, ya shiga, ƙofa ta rufe a bayansa. Usur ɗin ba ya busawa, don ya san ba a gidan ubansa yake ba, amma hannunsa na kan aljihun. In ya ga wani cikinmu ba zai cim ma jirgin ba, shi ma ba ya shiga, sai ya tsaya su hau na gaba tare. Mun sha yi masa tsiya a kan hankicin nan. Sarkin Sigina ya ce yana ɗaga wa kwamfuta tuta, aka yi ta ƙyaƙyatawa. Bawah ya ce, “Yoo,” ya ninke abinsa ya mayar aljihu.

Abu na biyu da ya ɗaure mana kai, ba ya dawowa tare da mu. In an gama cin nama sai ya raka mu tasha, ya ƙirga mu, ya ɗaga hankici, shi kuma ya je ya hau bas, tafiyar da ta ninka tamu sau uku. Masana suka zauna a kan batun. Dokta ya ce kunya ce ta talaka, Injiniya ya ce girman kai ne irin na mutanen Gana. Tambayarsa kuwa ba ta zo wa kowa a rai ba, ga shi kullum yana tsaye a gefenmu yana zuba shayi.

Ni na tambaye shi, ba don na fi su hankali ba, sai don wata rana katina na Gwal ya ƙi aiki, na shiga taragon gama-gari na tarar da shi tsaye a tagar baya, yana kallon layin da muka baro.

Na ce, “Baba Bawah, me kake gani a nan? Duk abin kallon yana gaba.”

Ya ce, “Sakatare, gaba na direba ne. Shi yana duba inda za a je. Gad yana duba abin da an bari.” Ya ɗaga yatsa. “Shekara goma sha tara, ban bar mutum ko ɗaya a tasha ba. Ko ɗaya. Mai ciki, makaho, mai kaya, mashayi paa wanda bai san sunanshi ba, duk sai sun shiga kafin in ɗaga tuta. Direbobi sun zage ni, an kai ƙarata ofis don ina jawo latti. Amma je ka Tarkwa ka tambaya, je ka Dunkwa. Ban gina gida ba, ban je Makka ba. Wannan ɗaya ne nake da shi.”

Ya ce shekarun da ya yi da mu ma yana haɗawa cikin lissafin, don fasinja fasinja ne. Sai na tambaye shi batun bas. Ya dube ni kamar yaron da aka turo makaranta bai karya ba. Jirgin nan ba ya juyawa, in ya kai ƙarshen layi kan jirgin ne ke zama wutsiya. Wato a hanyar dawowa Gwal ne a baya, shi kuwa katinsa bai kai can ba. Da ya zauna a gaban jirgi kamar direba, gara ya bi bas.

Na ji kunya a ranar, kunya ta gaske. Shekara huɗu muna zaune a wurin aikin mutum a kan kujeru masu laushi, muna fassara shi. Na yi niyyar faɗa wa ƙungiya. Amma ni mutum ne mai son a zauna lafiya, sai na bar kaza cikin gashinta, na ce wata rana.

Watarana ta zo da bikin cikarmu shekara biyar. Dokta ya kira taron gaggawa ba tare da Bawah ba, ya ce lokaci ya yi da za a karrama dattijon nan, a nuna wa duniya ƙungiyarmu ba ta wariya. Za a saya masa katin Gwal, a ɗinka masa kayan aiki, a zaunar da shi a kujerar gaba ta farko, a ɗauki hoto. Kowa ya ce madalla. Na buɗe baki na ce, “Ranka ya daɗe, katin dai ya yi, amma kujerar gaban nan, ina ganin shi baya ya fi so.”

Dokta ya ce, “Haba Sakatare, wa ke son baya? Tawali'u ne kawai. Khalas, rubuta an amince.”

Na rubuta an amince. Rubutuna ne, yana nan a shafi na sittin da biyu.

Injiniya ya ɗauki nauyin kayan, ya samo hoto a intanet ya kai wa wani tela a Al Muntazah. Abin da ya fito kwat ce ja mai maɓallan zinariya jere biyu, da igiya a kafaɗa, da hula mai baki. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar babban otal a West Bay ya ga irinta a jikin mai buɗe ƙofa. Injiniya ya rantse haka gad-gad na Ingila ke sawa, shi kuma ba a musu da shi, ai yana da jirgi a falo.

Ranar bikin aka zo da iyali, muka zama mu goma sha bakwai. Cikin baƙin har da mahaifiyar Dokta, Hajiya Nasiratu, wadda ta zo duba ido daga Zariya. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai carbi a hannu, ba Larabci ba Turanci, ba ta kuma yin komai da gaggawa. Bawah ya durƙusa ya gaishe ta, ta sa masa albarka, ta ce rigarsa ta yi kyau kamar ta ɗan sandan Turawa.

Gaskiya zan faɗa, ya ji daɗin kayan. Na ga yana shafa maɓallan da babban yatsa. Da Dokta ya miƙa masa katin Gwal kuwa, sai da ya juya shi gaba da baya, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, “Sakatare, yau ba bas. Yau zan dawo a wutsiya.” Ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ranar.

Daga Al Mansoura zuwa Msheireb ya yi aikinsa yadda ya saba, ya ƙirga goma sha bakwai, ya ɗaga hankici. A Msheireb ne aka yi gyaran gangar Abzinawa. Tashar cike take da jama'ar yammacin Juma'a, masu zuwa shan iska bakin teku a Corniche da masu dawowa. Bawah ya nufi ƙarshen dandamali, sai Dokta ya riƙo hannun kwat ɗinsa.

“Ina za ka? Yau kai ne babban baƙo.”

“Dokta, bari in tsaya baya har kowa shi shiga. In mun dawo sai a ɗauki hoton.”

“In mun dawo rana ta faɗi, kuma tagar tana baya. Yalla, Malam Bawah, kada ka ba mu kunya gaban iyali.”

Ya waiwayo ya dube ni. Ni kuma na duƙufa ina gyara madaurin agogona, wanda ba abin da ya same shi.

Jirgi ya tsaya, ƙofofi suka buɗe. Injiniya da Sarkin Kwal suka sa shi a tsakiya suka shige da shi kafin kowa, don kada wani Bature ya riga mu kujerar. Aka zaunar da shi, aka gyara masa hula, wayoyi goma suka tashi sama. Dokta ya tsaya a bayansa ya dafa kafaɗarsa kamar wanda ya harbo barewa. Ƙofa ta yi ƙararta ta rufe. Jirgi ya shiga rami, fitilu suka riƙa tahowa suna wucewa, Bawah ya zuba musu ido, baki a ɗan buɗe. Dokta ya ce na gaba ya yi gaba, aka yi tafi.

Bai fi minti ɗaya ba na ga leɓensa ya fara motsi. Ya miƙe ya juyo, idonsa na bin kawunanmu. Ya leƙa ɓangaren iyali inda mata suke, ya dawo. Ya sake farawa daga farko.

“Goma sha shida,” ya ce. “Ina Mma Hajiya?”

Matar Dokta ta ɗauka Hajiya na tare da Dokta, Dokta ya ɗauka tana tare da mata. Abin da ya faru, kamar yadda muka ji daga baya, Hajiya ta zo bakin ƙofa ta tsaya ta karanta addu'ar hawa abin hawa, yadda ta saba tun tana budurwa, don ta shiga da ƙafar dama. Ba ta kai ƙarshe ba ƙofa ta rufe. A Al Mansoura ma ta tsaya ta karanta, amma can akwai wanda ya lura, ya tallafi gwiwar hannunta ya ce ta ƙarasa a ciki. A nan kuwa wanda zai lura yana gaba ana ɗaukarsa hoto.

Sai masana suka rikice. Dokta ya kira wayarta, ta yi ƙara a jakar matarsa. Injiniya, Babban Direba, ya shiga dube-duben inda ake taka birki. Sarkin Sigina ya ce a kira ofishin jakadanci. Dokta ya juya, fuska ta yi jawur, ya rasa wanda zai kama, sai ya kama na kusa.

“Bawah! Ba kai ne mai ƙirga mutane ba? Me kake yi?”

Wallahi da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Bawah ya cire hular ya ajiye a kan kujera, ya je ya tsaya a bakin ƙofa. Da muka isa Al Doha Al Jadeda ya ce, “Kowa shi sauka, shi tsaya nan, kada wani shi motsa. Sakatare, zo.” Karo na farko ke nan da ya ba da umarni a ƙungiyar, har Sarkin Tasha ya bi ba musu.

Muka tsallaka ɗaya gefen muka hau mai komawa. A Msheireb ya fita da gudu, dattijo mai shekara kusan sittin cikin jar kwat, jama'a na darewa suna tsammani wani babban jami'i ne.

Tana nan inda aka bar ta. Wata ma'aikaciyar tasha, 'yar Filifin, ta zaunar da ita a benci ta ba ta ruwa, suna hira, kowacce da yarenta. Hajiya na jan carbi hankali kwance. Bawah ya zube a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa.

“Mma, ki gafarce ni. Ni na bar ki.”

Ta ce, “Tashi, bawan Allah, ka ɓata rigarka. Kai ka rufe ƙofar? Ni dai na ce jirgin da ba ya jiran bismilla, Allah ya kyauta. Na san za a dawo, sai na zauna.”

Duka abin bai kai minti ashirin ba. Da muka haɗu da sauran aka yi ta hamdala, kafin mu kai Al Wakra kuwa har ya zama abin dariya. Dokta ya dafa Bawah ya ce, “Ka san zafin uwa, kada ka riƙe ni,” ya ɗauka ya biya. A bakin teku ya yi jawabi mai tsawo, ya yaba wa ƙungiya bisa natsuwar da ta nuna a lokacin gaggawa. Injiniya ya bayyana cewa da ma ya kusa gano birkin. Aka ci nama aka sha shayi. Bawah ne ya zuba, kamar kullum.

Da aka tashi komawa, jirgin na tsaye, Gwal a baya, tagar wutsiya ba kowa, ga kati a aljihunsa. Abin da ya yi shekaru yana jira ke nan. Ya ƙirga mu har goma sha bakwai, da shi a ciki, bai ɗaga hankici ba. Ya jawo ni gefe ya ninke kwat ɗin ya ɗora mini a hannu, sannan ya ɗora usur a kai.

Na ce, “Baba, don Allah bari. Ba laifinka ba ne, mu muka ja ka. Ni na san komai, na yi shiru. In akwai mai laifi ni ne.”

Ya girgiza kai. “An ja ni, gaskiya. Amma ni yaro ne? Da na ce a'a, wa zai ɗauke ni?” Ya kalli ƙasa. “Sakatare, na ji daɗin hular. Kuma da jirgin ya tashi na ga fitilun nan suna zuwa, ban taɓa gani ba tun da nake. Yana da kyau paa. Na manta da ku duka. Minti ɗaya na manta, an bar tsohuwa. Gad da ya bar wurinshi don hula ba shi riƙe usur.”

Na ce ai ba abin da ya same ta. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Amma yanzu in na ce ko ɗaya, ƙarya na yi.” Ya juya ya nufi tashar bas.

Juma'ar da ta biyo bai zo ba, ta bayanta ma haka. Sai a ta uku Dokta ya lura, shi ma don an isa Al Wakra aka tarar ba shayi. Aka zartar da ƙudurin godiya ga Malam Bawah bisa gudummawarsa, aka sa hotonsa da jar kwat a fuskar zauren WhatsApp, aka naɗa kwamitin mutum uku da zai je ya dubo shi. Kwamitin na nan yana neman ranar da ta dace da kowa. Ni na je Fereej Abdel Aziz sau biyu. Ya karɓe ni da fara'a, ya dafa mini shayi a kan 'yar risho tsakanin gadaje, muka yi hirar 'yarsa da za ta gama makarantar jinya. Da na fito da usur sai ya mayar da hirar kan zafin gari.

Tun daga nan ni ke tsayawa a baya. Ba ƙudurin ƙungiya ba ne, ba wanda ma ya tambaye ni dalili, Dokta ya ɗauka katina ne ya sake lalacewa. Ina ƙirga su, manyan mutane masu digiri bibbiyu suna rige-rigen taga, in shiga a ƙarshe. Aikin ya fi yadda na zata wuya. Mutum goma sha uku kawai, amma sai wani ya tsaya amsa waya, wani ya koma neman hularsa, ƙofa kuma ba ruwanta.

Wata biyu da bikin, muna Msheireb, na gama ƙirga na shiga, na juyo ina fuskantar dandamali. Sai na hango shi. Yana tsaye jikin wani ginshiƙi can nesa, cikin tsohuwar rigarsa ruwan toka, ba fulas a hannu. Leɓensa na motsi. Ashe duk Juma'ar nan yana zuwa, ya ƙirga mu daga nesa ya koma, ni da nake taƙama na zama mai lura ban taɓa ganinsa ba.

Idonmu ya haɗu. Ya gyaɗa mini kai sau ɗaya, irin na an cika, a tafi. A wurinsa goma sha uku ne lissafin, ya riga ya cire kansa. Ni kuwa littafin mambobi yana hannuna, na san mu goma sha huɗu ne, ga na goma sha huɗun can tsaye a kan dandamali.

Na yunƙura zan fita, ƙofa ta yi ƙararta ta rufe. Na zaro usur ɗin har na kai shi baki, ina kallonsa ta gilashi yana ƙanƙancewa. Sai na tuna jirgin nan ba shi da direban da za a busa wa.